Yadda Ake Gane Tamowa Mai Tsanani a Jikin Yaron da Aka Kwantar a Asibiti

Wannan rubutu na ƙannena ne da suka fara aikin jinya a ɗakin yara, da ɗaliban da ake turo mana koyon aiki. Zan yi magana da ke kai tsaye, yadda zan yi in muna tsaye a bakin gado. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, jikin yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya nuna ciwo yadda na sauran yara ke nunawa. Zai iya ɗauke da ciwon huhu jikinsa ba zafi. Zai iya kasancewa cikin mawuyacin hali ko kuka ba ya yi. In kika duba layin masu jira kika ga wani yaro yana tsala ihu yana fizge-fizge, ga wani kuma a bayan uwarsa shiru, wuya ya langaɓe, to ki fara da mai shirun.

Dalilin haka a cikin jiki yake. Idan abinci ya daɗe ba ya isa, jiki yakan rage aikin komai domin ya tattala ɗan ƙarfin da ya rage. Zuciya ta ƙanƙance, bugunta ya yi rauni. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa. Hanta ba ta da ajiyar sukari. Garkuwar jiki ta yi sanyi, har ƙwayar cuta ta shiga jini ba tare da jikin ya tayar da zazzaɓi ba. Saboda haka maganin da zai ceci yaro mai ƙoshin jiki, shi ne wani lokaci zai kashe wannan. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa, ɗakunan yara a Katsina, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram cika suke yi maƙil. A irin wannan lokaci ba za ki samu sararin buɗe littafi ba, sai abin da hannunki da idonki suka saba.

Kafin sikeli, kafin kati, ki ba yaron kallon minti ɗaya. Yana numfashi da ƙyar? Yana cikin hayyacinsa, in kin kira sunansa ko kin taɓa shi yana motsi? Hannunsa da ƙafarsa sun yi sanyi? Yana jijjiga? In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a kira likita nan take, awo ya jira. Kuma duk yaron da ya iso a galabaice, in dai yana iya haɗiya, ki ba shi ruwan sukari tun a bakin ƙofa: mililita 50 na gulukos mai kashi 10 cikin 100, ko ki dama sukari cikin ƙaramin cokali ɗaya a tsaftataccen ruwa babban cokali 3. Uwar nan wataƙila tun asuba ta baro ƙauye, ta hau babur, ta hau mota, ta yi layin yankar kati. Duk tsawon wannan lokaci ba abin da ya shiga cikin yaron, kuma ba shi da ajiyar da zai jure.

Sai ki tuɓe shi. Wannan ne matakin da sababbin ma'aikata suka fi tsallakewa, don uwa takan zo da yaro cikin riga da wando da hula, a naɗe cikin zani, kuma tana jin nauyin a ga yadda ya koma. Ki yi mata magana mai daɗi: "Maman yaro, sannu da hanya. Bari mu cire masa rigar nan in duba shi da kyau, yanzu za mu mayar." Ki yi a inda ba iska, ki yi da sauri, ki rufe shi da zarar kin gama. Fuska kaɗai ba ta isa shaida ba. Akwai yaran da kumatunsu ke nan cike, sai an cire riga a ga haƙarƙari a jere.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ɗakin dai sai an sa mudun. Ma'auni uku ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar ga yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59, kuma ko ɗaya daga ciki ya isa a ce tamowar mai tsanani ce.

Na farko awon damtse, da tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore. Hannun hagu muke aunawa. Ki lanƙwasa gwiwar hannun, ki laluba ƙashin saman kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, ki sa alama a tsakiyarsu daidai. Sannan ki bar hannun ya miƙe ya saki jiki, ki zagaya tef ɗin a kan alamar. Ya kwanta a kan fata, kada ki ja har nama ya lotsa, kada kuma ya yi sako-sako. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, matsakaiciya. Ki rubuta lambar kanta a kati, kada ki tsaya ga kalar, domin mai karɓar aiki daga hannunki tana bukatar ta san ko 114 ne ko 98. In yaro yana ƙanƙame hannu yana kuka, ki jira ya lafa, don damtsen da aka ɗaure yakan ƙara lamba.

Na biyu nauyi a kan tsawo. A auna shi tsirara a sikeli, a auna tsawonsa a allon awo, a kwance in bai kai shekara 2 ba, a tsaye in ya kai. Awon tsawo aikin mutum biyu ne, ɗaya ta riƙe kai, ɗaya ta danne gwiwoyi ta tura allon ƙafa. Sai a duba teburin lissafi na nauyi a kan tsawo, mai nuna da lamba yadda nauyin yaro ya gaza wanda ya dace da tsawonsa. In ya faɗa ƙasa da -3, ya shiga.

Na uku kumburi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ki kama ƙafafun yaron biyu a tafukanki, ki ɗora manyan yatsunki a saman ƙafafun, ki danna a hankali ki ƙirga daƙiƙa 3 cikakku. Ba sai kin danna da ƙarfi har ya ji zafi ba. In kin ɗaga yatsa kika ga rami ya zauna a ƙafafun biyu, kumburin tamowa ne har sai an tabbatar da akasin haka. In ƙafa ɗaya ce kawai, ki nemi wani dalilin, ƙurji ko rauni ko wurin da aka yi allura. Muna rubuta + idan a ƙafafu kawai ya tsaya, ++ idan ya hau ƙwauri ko ya kama hannuwa, +++ idan ya game jiki har fuska, fatar ido ta yi suntum. Mai +++ kwanciya zai yi ko da yana cin abinci.

Kumburi yana yaudarar kowa. Sau da yawa kaka za ta ce mini, "Sista, ai shi wannan ya fara murmurewa, dubi kumatunsa, ƙanwar tasa ce ta rame." Alhali mai kumatun ne ya fi shiga haɗari. Yana yaudarar sikeli ma, don ruwan da ke jikinsa yana ƙara masa nauyi, sai teburin ya nuna kamar lafiya lau. Shi ya sa nake danna ƙafar kowane yaro da ya shigo ɗakin nan, ko da targaɗe aka kawo shi. Ki kuma sa a ranki cewa ciwon ƙoda ma yana kumbura yaro. Nasa yakan fara ne daga fuska, ya fi yawa da safe, kuma gwajin fitsari yana taimakawa a bambance. In labarin bai yi kama da na yunwa ba, ki gaya wa likita.

Abu biyu ba a yi wa mai kumburin tamowa. Ba a ba shi maganin sa fitsari, irin su Lasix, don a sace kumburin. Zai ƙara kwashe masa sinadarin fotasiyam da dama ya yi masa ƙaranci, kuma zuciya na iya tsayawa. Ba a kuma ba shi gishiri. Ki sa ido a kan kwanukan da 'yan dubiya ke shigowa da su. Kunun kanwa, romo mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano, duk da kyakkyawar niyya ake kawo su, amma kanwa da gishiri duka suna ƙara wa jikin abin da ƙodarsa ta kasa fitarwa. Ki ce wa uwar ita ta ci, don tana bukata, shi kuma madarar da asibiti ke ba shi ta ishe shi a yanzu.

Bayan awo sai kallo daga sama har ƙasa. Yaron da rama ta cinye, fuskarsa ta tsufa, idanu sun yi zuru-zuru, kafaɗu da haƙarƙari sun fito. Ki juya shi ki dubi bayansa: naman mazaunai ya tafi, fatar ta yi naɗe-naɗe tana reto kamar an sa masa wandon babban yayansa. Irin wannan sau da yawa yana da saurin fushi kuma yana neman abinci. Mai kumburi kuwa ya fi zama shiru, ba ruwansa da kowa, in an taɓa shi ya yi ɗan ƙorafi marar ƙarfi, in an miƙa abinci ya kau da kai. Gashinsa ya yi ja-ja ko fari-fari, ya yi laushi, ya miƙe, in kin ɗan ja sai ya biyo yatsa ba tare da ya ji zafi ba. Akwai kuma wanda ya haɗa duka biyun, ga rama a sama ga kumburi a ƙafa, kuma shi ne na fi jin tsoro a kansa.

Fatar mai kumburi takan yi baƙi-baƙi a wasu wurare, ta tsattsage, ta ɓare, ta bar fari ko ɗanyen nama a ƙasa. Ki duba matsematsi, cinyoyi, mazaunai, hammata da bayan kunne. Inda ya saɓule ƙofa ce ga ƙwayar cuta, kuma ta nan yake asarar ruwa da ɗumin jiki. A bar wurin a bushe, a cire masa kunzugu ya sha iska in ɗakin da ɗumi, a shafa man da likita ya rubuta, mai sinadarin zinki. Kada a lika filasta a irin wannan fata in da yadda za a yi, don wurin cirewa har fatar take tahowa.

Ido yana bukatar hannu mai taushi. Ki tambayi uwa ko ya yi ƙyanda a 'yan watannin nan, da ko yana dundumi, wato in magariba ta yi ya riƙa laluben abu ko tuntuɓe. Yaron da ya runtse ido ƙam yana gudun haske, ki ɗauka akwai matsala. Ki wanke hannu, ki buɗe fatar idon a hankali, kada ki danna ƙwayar ko kaɗan, domin idan baƙin idon ya yi gyambo ya yi laushi, ɗan matsi kaɗan na iya fasa shi. Abin da kike nema: farin ido ya bushe ya daina sheƙi, ɗan tabo mai kumfa-kumfa a gefen farin ido, baƙin ido ya yi hazo, ko gyambo a kansa. Duk wannan ƙarancin bitamin A ne, kuma na gaggawa ne, don makanta na iya zuwa cikin kwanaki. Ana ba da bitamin A a rana ta 1, ta 2 da ta 14: a ma'aunin bitamin da ake kira IU, 50,000 ga wanda bai kai wata 6 ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 12, 200,000 ga wanda ya haura shekara. In akwai gyambo, likita zai ƙara da maganin ɗigawa, a rufe idon da ƙyalle mai laima.

Ki buɗe baki da fitila. Farin abu da ya lulluɓe harshe da cikin kunci, da tsagewar gefen leɓe, suna hana yaro shan madara, kuma suna da magani. Amma abin da ba na so ya wuce ki shi ne farkon cutar noma, mai zaizaye baki da kunci. Tana farawa da wari mai ƙarfi daga baki, dasashi ya kumbura yana jini, yawu na dalala, sai kunci ɗaya ya kumbura, sannan wani baƙin tabo ya fito a fata. Daga nan zuwa ɓulewar kunci kwanaki ne kawai. A matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin masu wannan cuta, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a ƙasashe masu zafi. Ki leƙa maƙogwaro ma, ki tambaya ko an kai shi wurin wanzami an cire beli, ko an ba shi jiƙo ko dauri. Ki yi tambayar ba da faɗa ba. In uwa ta ji alamar zargi a muryarki, cewa za ta yi ba a ba shi komai ba.

Sai tafin hannu. Ki buɗe shi a haske ba tare da kin miƙar da yatsun da ƙarfi ba, ki kwatanta da naki. In ya yi fari fat, a gwada jini a ranar. Ana ƙarin jini idan awon ƙarfin jini, wato Hb, ya gaza giram 4, ko yana tsakanin 4 da 6 kuma yaron na numfashi da ƙyar, a hankali ake yi, mililita 10 ga kowane kilo cikin awa 3, kuma a cikin awa 24 na farko. Bayan nan awon jini na iya sauka don ruwan kumburi yana komawa cikin jijiya, ƙarin jini a lokacin na iya fin ƙarfin zuciya. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma ba a fara shi a kwanakin farko, don yana ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi.

Zafin jiki da sukarin jini tare nake duba su, don tare suke faɗuwa. In ma'aunin hammata ya nuna ƙasa da digiri 35, ko ya ƙi motsawa gaba ɗaya, sanyi ya kama yaron. Ki kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su biyun, a kashe fanka, a rufe taga, a canja duk ƙyallen da ya jiƙe. Kada a sa kwalbar ruwan zafi a jikinsa, fatar ba za ta jure ba. Da hunturu ki hana wankan sassafe, ko da kaka ta nace. Sukarin jini kuwa, ƙasa da 3 a ma'aunin milimol, wato 54 a ma'aunin miligiram, ya faɗi. Kada ki jira gumi da rawar jiki, sau da yawa ba sa zuwa. Abin da za ki gani shi ne barcin da ya wuce kima, jiki ya saki, wani lokaci yana barci ido a ɗan buɗe. In ba abin gwaji a kusa, ki ɗauka ya faɗi, ki ba da ruwan sukari, a fara madara. In ya suma, sai ta jijiya, mililita 5 ga kowane kilo na gulukos mai kashi 10. Yaron da ya haɗa sanyin jiki da faɗuwar sukari, ki ɗauka ƙwayar cuta ta shiga jininsa.

Ai shi ya sa duk yaron da aka kwantar da tamowa mai tsanani ake ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ba zazzaɓi, a kuma gwada shi maleriya. Ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yana kwance lafiya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. Ki duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa in ya ja numfashi. Ki leƙa kunne ko yana ruwa. Ki tambaya ko akwai mai tari na dogon lokaci a gidan, don tarin fuka yana ɓuya a bayan tamowa, haka ma cuta mai karya garkuwar jiki.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asarar rayuka da hannunmu, wato batun bushewar jiki. A makaranta an koya mana cewa in ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, to ruwan jiki ya ƙare. A jikin ramammen yaro duk waɗannan na iya kasancewa alhali ruwansa daidai yake, don kitsen da ke tallafe ido da fata ne ya tafi. A jikin mai kumburi kuma alamun ɓuya suke yi. Saboda haka bakin uwa ya fi tsunkulin fata amfani. Ki zauna ki tambaye ta dalla-dalla. "Zawon nan ruwa ne tsululu, ko mai ɗan kauri da majina? Yaushe ya fara? Sau nawa daga jiya zuwa yanzu? Idon nan nasa, haka yake tun makonnin baya, ko jiya zuwa yau kika ga ya faɗa? Yaushe rabonsa da fitsari?" Ita ta san fuskar ɗanta. In ta ce, "Wallahi Sista, jiya ba haka idonsa yake ba," kuma ga zawon ruwa, ga shi yana wawurar kofi, to bushewar gaske ce. 'Yan ƙananan kashi masu laushi sau da yawa a rana kuwa abu ne da aka saba gani a tamowa, ba su ne ke nuna bushewa ba.

In an tabbatar, ta baki ake mayar da ruwan, ko ta robar hanci, kuma da ReSoMal, ruwan sha na musamman don masu tamowa, wanda gishirinsa bai kai na ruwan gishiri da sukari da aka saba ba, fotasiyam ɗinsa kuma ya fi yawa. Mililita 5 ga kowane kilo duk bayan minti 30 na awa 2, sannan mililita 5 zuwa 10 ga kowane kilo a awa, ana karɓa-karɓa da madara, kada a wuce awa 10. Banda mai kwalara ko zawo mai kwarara sosai, shi ruwan gishiri da sukari na kullum ake ba shi. Kafin ki fara, ki rubuta nauyinsa, bugun jininsa da numfashinsa, ki laluba gefen hanta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ki ja layi da biro a fata. Duk rabin awa ki sake dubawa. In numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugun jini ya ƙaru da 25, ko jijiyoyin wuya sun cika, fatar ido ta fara kumbura, ko hanta ta sauko ƙasa da layinki, ki tsayar nan take ki kira likita. Ruwa ya yi wa zuciya yawa.

Za ki sha matsi daga 'yan uwa. Uba zai tsaya a kanki ya ce, "Malama, yaron nan ba ƙarfi, a sa masa ruwa mana, ko nawa ne zan saya." A wurinsa ledar ƙarin ruwa a rataye ita ce alamar ana kula da ɗansa, kuma ba laifinsa ba ne. Ki ce masa, "Baba, zuciyarsa ta gaji, in aka tura ruwa ta jijiya zai taru a huhunsa. Ga wannan da muke ba shi da kofi, shi ne nasa, kuma ina nan ina dubawa duk rabin awa." Yawancinsu in sun ga kina dawowa da agogo a hannu, hankalinsu kwanciya yake yi. Hali ɗaya ne ake sa ruwa ta jijiya: yaro ya fita hayyacinsa ko ya yi lis, hannuwa sun yi sanyi, kuma in kin danna farce ya yi fari sai ya wuce daƙiƙa 3 kafin jini ya dawo, ko bugun jini ya yi rauni yana sauri. A nan likita zai sa mililita 15 ga kowane kilo cikin awa ɗaya, ke kuma ba za ki bar bakin gadon ba, kina ƙirga numfashi da bugu duk minti 5 zuwa 10.

Gwajin cin abinci shi ke raba wanda zai kwana da wanda za a riƙa ba shi magani daga gida. A keɓe uwa da ɗa a wuri marar hayaniya, ta wanke hannu, ta ba shi RUTF, abincin nan na gyaɗa da madara mai giram 92 a leda, da ruwan sha a kusa, ba dure ba tilas. A ba su kamar rabin awa. In ya kasa cin abin da teburin nauyinsa ya nuna, kwanciya ce, ko da ba a ga wani ciwo ba, don rashin ci shi kansa alama ce ta cewa wani abu na cin jikin a ɓoye.

Wanda aka kwantar da madarar F-75 ake fara masa, kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2, dare da rana, da kofi, kuma nono ba ya tsayawa. Jimillar rana mililita 130 ce ga kowane kilo, 100 ga mai kumburi +++. In ba ya shanye kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna masa, a sa robar hanci. Wannan madara ba don ƙiba aka yi ta ba, gyaran cikin jiki take yi. Mai kumburi ma nauyinsa sauka ya kamata ya yi. In kika ga nauyi na hawa a waɗannan kwanaki tare da saurin numfashi, ruwa ne ke taruwa. A auna shi kowace safiya a sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, kafin madara. Ki riƙa taɓa cikinsa kafin kowace ciyarwa. In ya kumbura ya yi tauri ko yana amai, ki sanar kafin ki ƙara.

Kwana biyun farko su ne masu wuya, musamman tsakar dare zuwa asuba, lokacin da ɗaki ya yi sanyi, uwaye suka gaji suka yi barci, ma'aikata kuma suka ragu. Madarar ƙarfe 2 da ta ƙarfe 4 na dare ba a ɗage su. Ki bi gado-gado da fitila, ki tashi uwa a hankali, ki sa hannu ki taɓa ƙafar yaro da cikinsa. Zanin da ya jiƙe da fitsari a canja shi a lokacin.

Alamar sauƙi ta farko a ido take fitowa. Yaron da ya kwana uku yana kallon bango sai ki ga ya bi ki da ido, ya kama kofi da kansa, ya yi kukan neman ƙari, wata rana ya yi murmushi. Kumburi ya fara sacewa, fatar ƙafa ta yi yamutsa. A nan ake sauya shi a hankali cikin kwana 2 zuwa 3 zuwa F-100, madarar da ta fi F-75 ƙarfi, ko RUTF. Kada murna ta sa a cika masa ciki lokaci ɗaya. Ki ci gaba da ƙirga numfashi da bugu duk awa 4, don zuciya na iya gazawa a wannan gaɓar ma. Da ya kama ci sosai, ƙarin fiye da giram 10 ga kowane kilo a rana shi ne mai kyau. Ƙasa da giram 5, a sake bincike: ko madarar ba ta shiga duka, ko akwai ciwon da ba a gano ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nasa daban ne. Ki duba kumburi da nauyinsa, ki zauna ki kalli yadda yake kama nono da ko yana da ƙarfin tsotso. Ba a ba shi RUTF, ba a ba shi F-100 sai an tsinka ta, kuma babban aikin shi ne dawo da ruwan nonon uwar.

Ana sallamar yaro daga gado zuwa karɓar magani daga gida idan ci ya dawo, ciwon da ya kawo shi ya lafa, kumburi na raguwa, kuma yana cikin walwala. Warkewa gaba ɗaya sai damtse ya kai milimita 125, nauyi a kan tsawo ma ya kai -2, kuma an yi mako 2 ba kumburi. Kafin su tafi ki samu lokaci da uwar. Ki ji yadda abin ya faro: yaye ne na farat ɗaya don ta samu ciki, ƙyanda ce, ko abincin ne babu a gidan. Ki gaya mata ledar nan magani ce ta wannan yaron shi kaɗai, ba a raba ta da yayye, ba a dama ta a kunu, a ba shi ruwa mai tsafta yana ci yana sha. A duba katin rigakafinsa. Ki kama babban yatsanta ki ɗora a ƙafar ɗanta, ku ƙirga uku tare, in akwai tef ki koya mata awon damtse. A yankin Mirya ta jihar Damagaram an koya wa uwaye wannan awo, kuma aikinsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Ki sa ta maimaita miki da bakinta abubuwan da za su dawo da ita: ya ƙi ci, yana amai da duk abin da ya sha, zawon ruwa, zazzaɓi ko sanyin jiki, saurin numfashi, barci marar dalili, ko ƙafa ta sake barin rami. Ko ɗaya ta gani, ta taho a ranar, kada ta jira ranar karɓar leda.